Injin ozon zai hana dankalinmu ruɓewa?



A zagayen da muka yi na cibiyoyin yaƙi da jahilci na ƙasar Gaya, mun yada zango a wani gari na cikin dallol. Bayan an tashi daga darasin lissafi, wani dattijo cikin ɗalibanmu ya tsayar da mu a bakin rumfa. Ya fiddo salula daga aljihu, ya nuna mana hoton wani ɗan akwatin ƙarfe mai igiyar wuta. Ɗansa da ke bida a Kwatano ne ya aiko masa da hoton. Ya ce: "Malam, yaron nan ya ce wannan inji yana fitar da wata iska mai suna ozon. Wai in an sa shi a ɗaki, dankali ba ya ruɓewa. Ya ce in na yarda zai sayo mini da kuɗin da yake tarawa na aure. Kai da ka yi karatu, me ka gani?"

Muka ce masa: "Baba, ka ba mu lokaci mu bincika. Kada yaro ya taɓa kuɗinsa tukuna."

Mun bincika. Mun ga kuma ya dace amsar ta fito a wannan shafi, domin ba dattijon nan kaɗai ke kwana da wannan damuwa ba.

Asarar da kowa ya sani

Ƙasar Gaya ita ce ta fi samun ruwan sama a Nijar. A shekara akan sami kusan milimita 800. Ga kogin Isa, ga Dallol Mawri da Dallol Foga, inda ba a yin haƙa mai zurfi kafin a tarar da ruwa. Shi ya sa muke da rake, da rogo, da shinkafa, da mangwaro, da dankali. Dankalin Bengu ya yi suna har Yamai.

Amma kowa ya san abin da ke faruwa idan lokacin tono ya zo. Kowa ya tona nasa a lokaci guda. Kasuwa ta cika, farashi ya faɗi ƙasa warwas. Wanda ya sayar nan take ya sayar da araha. Wanda ya ce bari ya ajiye sai kaya sun yi daraja, bayan ƴan makonni sai ya buɗe buhu ya tarar da wari da ruwa. A ƙarshen watan Yuli na 2023, da aka rufe iyakokin Benin da Najeriya, mun ƙara ganin wannan rauni namu. Iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris na 2024, gadar Malanbil kuwa ta daɗe fiye da haka a rufe. Mai gero da mai wake sun iya jira. Mai dankali bai iya ba.

Kafin mu ci gaba, mu bambanta abu biyu. Akwai dankalinmu mai zaƙi, wanda a nan muke kira kudaku. Akwai kuma dankalin turawa, wato kwambitar. A Nijar an fi noman kwambitar a Bonkuku ta ƙasar Filinge, da Tabelot ta jihar Agadas, da Dogondutsi a nan jiharmu ta Dosso. Ana shuka shi da sanyi, a tona shi daf da shigowar bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Sunansu ɗaya, amma ba dangi ɗaya ba ne, kuma ba ajiya iri ɗaya suke so ba. Yawancin gwajin da aka yi da ozon, a kan kwambitar aka yi shi.

Me ke ruɓar da dankali?

Dankalin da aka tona bai mutu ba. Yana da rai, yana numfashi, yana fitar da zafi da gumi. Ba kamar ƙwayar gero ba ce, wadda ta bushe ta yi barci. A cikin kilo 10 na kudaku, kusan kilo 7 ruwa ne. A cikin kilo 10 na kwambitar, kusan kilo 8 ruwa ne. Abin da ya tsare wannan ruwa, ya kuma hana cuta shiga, shi ne ɓawo. Ɓawo shi ne dangar gidan dankali.

Abokan gabansa ƙanana ne, ido ba ya ganinsu. Na farko su ne ƙwayoyin da masana ke kira bakteriya. Su ne ke mai da kwambitar ruwa-ruwa, ya yi yauƙi, ya yi wari mai tayar da zuciya. Na biyu su ne dangin fumfuna, irin wadda muke gani a kan tuwon da ya kwana biyu a rufe. Wata fumfuna tana sa kudaku ya yi laushi cikin kwana kaɗan, ya fitar da gashi fari mai baƙin kai. Wata kuma tana sa dankali ya bushe ta ciki, ya yamutse, ya yi baƙi.

Waɗannan ƙwayoyi suna ko'ina: cikin ƙasar gona, jikin tsohon buhu, bangon ɗaki, har cikin ƙurar da ke yawo. Amma yawancinsu ba su iya huda lafiyayyen ɓawo. Ƙofa suke nema. Saran fartanya ƙofa ne. Kurjewar da dankali ke yi idan an ja shi a ƙasa ƙofa ce. Buguwar da yake yi idan an jefa buhu daga kan amalanke ƙofa ce. Ramin da tsutsa ta huda ƙofa ne. Idan ƙofa ta buɗe, ga zafi, ga danshi, ga iska ba ta yawo, to ƙwayoyin cuta sun sami abin da suke so. Guda ɗaya da ya ruɓe kuwa yana tsiyayar da ruwansa a kan na kusa da shi.

Ku riƙe wannan magana ta ƙofa, domin za mu komo mata.

Mene ne ozon?

Iskar da muke shaƙa gauraye take. Cikin kashi 100, kashi 21 wata iska ce mai suna oksijin. Ita ce ke rayar da mu, ita ce kuma ke sa wuta ta ci. Ƙwayar oksijin tana tafiya ne bibbiyu, kamar tagwaye. Idan wuta mai ƙarfi ta ratsa iska, takan raba wasu tagwayen. Wanda ya rabu da ɗan'uwansa sai ya je ya manne wa wasu tagwaye, su zama uku. Waɗannan ƴan uku su ne ozon.

Kun taɓa jin ƙamshinta ko da ba ku san sunanta ba. Bayan an yi walƙiya da tsawa, wani lokaci akan ji wani ƙauri mai kaifi a iska. Akan ji shi kuma kusa da mai walda, ko kusa da injin fotokwafi da ya daɗe yana aiki. Wani masani Bajamushe mai suna Shonbain, wanda ke koyarwa a birnin Bazel na ƙasar Suwizalan, shi ya raɗa mata suna a 1840. Ya ɗauko sunan daga kalmar Girkanci mai nufin wari. A 1857 wani Bajamushen, Siemens, ya ƙera bututun da ke samar da ita da wutar lantarki.

Wasu za su ce sun ji sunan ozon a rediyo. Gaskiya ne. Can sama, tsakanin kilomita 15 zuwa 35 daga ƙasa, akwai shimfiɗar ozon da ke tare mana mugun hasken rana. Domin kare ta ne ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Montiriyal a 1987. Iska ɗaya ce. Amma amfanin da take yi mana a can sama, ba shi take yi ba idan ta shiga hancin mutum.

Na ukun nan da ya manne wa tagwaye ba ya da zama. Kullum neman abin da zai faɗa wa yake yi. Idan ya gamu da ƙwayar cuta, sai ya ƙona fatarta, ta mutu. Abin da ya rage ya koma oksijin kamar yadda yake tun farko. Saboda haka ozon ba ta barin saura a jikin abinci. Saboda haka ne kuma ba a iya ɗura ta a kwalba a kai kasuwa. A cikin ruwa mai tsabta, mai ɗan sanyi, bayan kamar minti 20 rabinta ya ɓace. Inda akwai zafi da ƙura, ta fi saurin ɓacewa. Dole a yi ta a wurin da za a yi aiki da ita, a kuma lokacin da ake bukatarta.

Inda ake aiki da ita

Maganar yaron nan na Kwatano ba ƙarya ba ce. Tun 1906 birnin Nis na ƙasar Faransa ke tsabtace ruwan sha da ozon. A 2001 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a yi amfani da ita a kan kayan abinci. A Amurka da Kanada da wasu ƙasashen Turai, akwai manoman kwambitar da suka sa injin ozon a rumbunansu. Sha'awar ta ƙaru domin mutane sun gaji da maganin da ke barin saura a abinci. Ko a 2019 Tarayyar Turai ta hana wani tsohon magani da ake sa wa kwambitar don kada ya yi tsiro, aka daina aiki da shi a 2020.

To amma wane irin rumbu ne nasu? Gini ne babba, a rufe ruf, mai ɗaukar tan ɗaruruwa ko dubbai. Akwai injin sanyi. Akwai manyan fankoki da ke tura iska ta ƙarƙashin tarin kwambitar, ta ratsa ta fito sama. Akwai na'urar auna zafi da danshi. Akwai wata na'ura dabam mai auna yawan ozon, wadda ke kashe inji idan ya wuce ƙa'ida. Cikin wannan iska mai yawo ake zuba ozon kaɗan-kaɗan, dare da rana. Ozon ƙari ce a kan sanyi da iska da tsabta. Ba ita ce ginshiƙin ajiyar ba.

Abin da take iyawa shi ne rage ƙwayoyin fumfuna da ke yawo a iska, da waɗanda ke jikin bango da akwatuna, da wasu na bayan ɓawo. Tana kuma kashe wari. Wannan amfani ne, ba mu raina shi ba.

Abin da ba ta iyawa ya fi shafarmu. Ozon ba ta nutsewa. Abin da ta fara taɓawa shi take ƙonawa, ta ƙare a nan. Idan akwai ƙasa a jikin dankali, a kan ƙasar take ƙarewa. Ƙwayar cutar da ta riga ta shiga ta saran fartanya tana zaune lafiya a ciki, ozon ba ta isa gare ta. Tsutsar da ke cikin kudaku ma haka. Dankalin da ya fara ruɓewa ba ya komawa lafiyayye. Shi ya sa gwaje-gwajen da masana suka yi a kan kwambitar ba su zo da sakamako iri ɗaya ba. Wasu sun ga ruɓa ta ɗan ragu, wasu ba su ga bambancin kirki ba. Idan kuma aka yawaita ta don a ce ta yi ƙarfi, takan ɓata ɓawon da ake son karewa.

Mu kwatanta. Mai gida ya bar ɓarawo ya shiga ɗaki ya ɓuya ƙarƙashin gado. Sannan ya ɗauki mai gadi ya tsayar a ƙofar zaure. Mai gadin ba rago ba ne. Amma bayan ɓarawo ya shiga aka kawo shi.

Maganar lafiya

A nan muke roƙon ku karanta a hankali, ku kuma karanta wa waɗanda ba su fara zuwa cibiya ba.

Iskar da ke ƙona fatar ƙwayar cuta tana ƙona huhun mutum. Wanda ya shaƙi ozon yakan yi tari, maƙogwaro ya yi masa ƙaiƙayi, ido ya yi ja, ƙirji ya ɗaure, kai ya yi ciwo. Masu ciwon asma, da jarirai, da tsofaffi su suka fi shan wahala. A Amurka, dokar wurin aiki ta ce kada ozon ta wuce kashi 1 cikin kashi miliyan 10 na iskar da ma'aikaci ke shaƙa a wunin aiki na awa 8. Ku auna ƙanƙantar wannan: kamar dala guda ce cikin dala miliyan 10. Hanci yana jin warinta tun ba ta kai haka ba, amma idan mutum ya ɗan jima a ciki sai hancin ya saba, ya daina ji. Hanci ba ma'auni ba ne.

Yanzu mu tambayi kanmu: a ina muke ajiye dankali? Da yawanmu a kusurwar ɗakin kwana, ko a zaure, ko a ɗakin da uwargida ke shiga safe da yamma da goyo a baya. Ɗan injin da ba ya da ma'auni, idan aka kunna shi a irin wannan ɗaki, ɗayan biyu ne. Ko dai ozon ɗin ta yi kaɗan, ta fice ta kafar jinka, ba ta tsinana wa dankali komai ba. Ko kuma a toshe ko'ina ta taru, yara su shaƙa. Ban da wannan, tana tsattsage roba, tana sa ƙarfe tsatsa.

Tun da muna maganar guba, bari mu ɗan ratse. Mun san akwai masu jefa ƙwayar maganin wake cikin tarin dankali, akwai masu yayyafa masa maganin ƙwarin auduga da ake tsallakowa da shi. Kada a yi. A arewacin Benin, cikin 1999 da 2000, mutane sun mutu saboda wani maganin auduga mai suna endosulfan da ya shiga abinci. Haka kuma buhun ajiyar wake mai leda uku, wanda ya taimaki manomanmu ƙwarai, ba na dankali ba ne. Yana aiki ne ta hanyar hana iska shiga. Dankali kuwa numfashi yake yi; idan an toshe shi sai ya ruɓe.

Kwambitar da ya yi kore saboda haske, ko ya yi tsiro da yawa, yana tara wani dafi mai ɗaci mai sa amai da gudawa. Dafuwa ba ta kashe shi duka. A yanke wurin da ya yi kore da zurfi. Idan koren ya yi yawa a zubar. Kudakun da ya yi fumfuna ko ya yi ɗaci saboda tsutsa, kada a ci, kada kuma a zuba wa shanu. An san yana kawo musu ciwon huhu mai kisa.

Sai kuma maganar wuta. Injin ozon ba ya aiki sai da lantarki, kuma so ake ya yi ta aiki ba tsayawa. Kafin 2023, mafi yawan wutar da Nijar ke amfani da ita daga Najeriya take zuwa. A watan Agusta na 2023 aka yanke ta, ba ta dawo ba sai watan Maris na 2024. Garuruwanmu na dallol da yawa ma waya ba ta kai musu ba.

Rufe ƙofa: aikin da ke hannunmu

Mu koma ga maganar ƙofa. Allah ya ba dankali wata baiwa da ozon ba ta iya ba shi: yana warkar da rauninsa da kansa. Kamar yadda miki ke yin ɓawo a jikin mutum, haka dankali ke yin sabuwar fata a ƙarƙashin wurin da aka sara. Masana sun auna abin da kudaku ke bukata don ya yi haka: zafi kamar digiri 30, da iska mai danshi sosai, na kwana 4 zuwa 7. A ƙasashen sanyi sai sun sayi makamashi sun ɗumama ɗaki kafin su sami wannan zafi. Mu a Gaya kyauta muke samunsa. Abin da ke yi mana ƙaranci da rani shi ne danshi, domin iskar hunturu tana busar da rauni tun bai warke ba.

Ga yadda ake yi. Da an tona, a kwashe daga rana. Kada kudaku ya wuni a fili yana gasuwa. A kai shi inuwa, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a tara shi tsibi wanda bai wuce gwiwa ba. A rufe da ciyawa ko buhunan algarara. Gumin da shi kansa yake fitarwa ya isa ya ba shi danshin da yake so. Kada a lulluɓe shi da leda kai tsaye, domin gumi zai zama ruwa ya kwanta a jikinsa. Bayan kwana 5 a ɗauki ɗaya a murza da babban yatsa. Idan fatar ba ta saluɓe ba, kuma wurin saran ya bushe ya yi tauri, to ya warke. Kwambitar shi ma yana warkewa, amma ya fi son wuri mai sanyi-sanyi da duhu, kuma yakan ɗauki kamar mako 2.

Aikin ma tun daga gona yake farawa. Idan aka yanke yaɗon kudaku ƴan kwanaki kafin tono, fatarsa tana ƙara kauri tun yana cikin ƙasa. Ga kwambitar, a daina ban ruwa, a cire ganye kwana 10 zuwa 14 kafin tono. Ƙwaron kudaku yana bin tsagewar ƙasa ne ya sauka ya yi ƙwai a jikin saiwa. Saboda haka a riƙa jawo ƙasa ana rufe tsagar kunya, kada kuma a bar dankalin da ya ƙosa ya daɗe a gona.

Ranar tono, a sari kunya daga gefe, nesa da gindi. Mun sha ganin ƴan ƙwadago da ake biya bisa yawan buhu suna sara da gaggawa, suna jifa da dankali daga nesa kamar duwatsu. A ganinmu mai gona ya fi cin riba idan ya biya su da wuni ya tsaya a kansu. Buhun da ake cikawa har a ɗinka masa hula, a ɗora wani a kansa, mutane su hau su zauna a amalanke, shi ma kisa ne. Kwando ya fi buhu tausayin dankali.

Sannan a zauna a tsince, a yi kashi uku. Wanda ya ji sara mai zurfi ko tsutsa ta taɓa, a ci shi yau ko a kai kasuwa gobe, ko a yayyanka shi sirara a shanya ya bushe. Wanda ya ruɓe a binne shi nesa da gona da ɗakin ajiya. Lafiyayye kaɗai ke shiga ajiya. Kada a wanke shi. A kakkaɓe ƙasar da hannu idan ta bushe.

Ɗakin ajiya a share shi, a fitar da ragowar bara, a bar shi ya sha iska. Ɗakin laka mai jinka ya fi na kwano sanyi nesa ba kusa ba. A yi masa kafofi ƙasa da sama, a buɗe da dare iska mai sanyi ta shiga, a rufe da rana. A ɗaga kaya daga ƙasa a kan gadon kara, kada tarin ya yi tsayi. Duk mako a duba, a fitar da wanda ya fara laushi. Wata ƙungiya idan ta sami ɗakin sanyi, ta tuna cewa kudaku ba ya son sanyin da ya gaza digiri 13. Ƙasa da haka cikinsa yana lalacewa. Sanyin da ke yi wa kwambitar daɗi yana kashe kudaku.

Masu wahalar neman iri da farkon damina, akwai wata dabara da Cibiyar Dankali ta Duniya, mai mazauni a birnin Lima na ƙasar Peru, ta yaɗa a Afirka, tun daga Tanzaniya har arewacin Gana. Ana zaɓar ƙananan kudaku lafiyayyu, a jera su cikin kwano ko tukunya, a rufe kowane jeri da busasshen yashi mai sanyi. Ana dubawa duk wata. Saura mako 6 zuwa 8 damina ta sauka, sai a dasa su a lambu ana ban ruwa, su ba da yaɗon shuka. Wanda ke son ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na garinsu. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, tana da tashoshi a Bengu da Tara, duk a nan ƙasarmu ta Gaya.

Amsar da muka kai wa dattijo

Da muka koma garin, mun zauna da dattijon nan a gaban sauran ɗalibai. Muka ce masa: "Baba, iskar gaskiya ce, injin ma akwai shi. Amma an yi shi ne domin babban ɗaki mai sanyi, mai wuta ba yankewa, mai ma'auni, wanda ba kowa ke kwana a ciki ba. Ranar da ƙungiyar manomanku ta mallaki irin wannan ɗaki, a kira masana su duba ko ƙara ozon zai biya kuɗinsa. A ɗakinka na yau, ba zai hana ruɓa ba, kuma jikokinka ne za su shaƙa. Yaro ya bar kuɗinsa inda suke."

Ya yi shiru, sannan ya ce: "To Malam, wannan maganar ta rufe tsibi da ciyawa, ta yaya zan san ba ita ma labari ba ce?"

Tambaya ce mai kyau, kuma ita ta ba mu darasin lissafi na gaba. Mun shirya da ɗaliban cibiyar cewa a tonon bana kowa zai ware kudaku 100 daga kunya ɗaya. Guda 50 za a zuba su a buhu kamar yadda aka saba. Guda 50 za a tsince su, a warkar da su kwana 5 a inuwa, a jera a kan gadon kara. Kowace Juma'a mai shi zai ƙirga waɗanda suka ruɓe a kowane kashi, ya rubuta kwanan wata da adadi a littafinsa da hannunsa. Bayan mako 8 za a kawo littattafan cibiya, a hau allo a tara, a ɗebe.

Sauran cibiyoyin da ke son shiga wannan gwaji su sanar da malaminsu kafin a fara tono. Malamai su aiko mana da lissafin kowace cibiya, tare da sunan gari, da irin kudakun da aka gwada, da ranar da aka tona shi.